Daɓenmu da Takalman 'Yan Biki

Kafin a zuba siminti a cocinmu na Tamale daɓe ne a ƙasa, kuma ni na yi shi. Ba ni kaɗai ba, mata ne da dama, amma ni ce a gaba. Ni nake cewa a ƙara ruwa ko a dakata, ni nake sa tafin hannu in ji ko ƙasa ta kama. Yaran yanzu in na faɗi haka sai su dube ni kamar tatsuniya nake yi musu. Ba su san daɓe ba. Sun taso sun tarar da ƙasa a shafe, suna zaton haka Allah ya halicce ta.

Ni mutuniyar arewa ce, can wajen Navrongo, inda yarinya take riƙe madaɓi tun kafin a yarda ta tuƙa tuwo. Hausa a bariki na same ta. Mijina soja ne, ya je yaƙin Turawa ya dawo da igiya biyu a hannun riga, kowa Kofur yake ce masa har ya koma ga Allah. Da aka sallame shi ya samu aikin gadi a wani kanti, muka kama ɗaki kusa da zango. Ban taɓa zama a aji ba, amma abin da idona ya gani ba na mantawa, kuma ba na ƙara masa gishiri.

Cocin dogon ɗaki ne na ƙasa, rufin ciyawa, da 'yan bencuna a gaba. Ranar Lahadi ta yau da kullum mu ne dai: matan masu gadi, matan leburori, masu dafa giyar pito, wasu tsofaffin sojoji da ba su jin wa'azi sai an ɗaga murya, da wata makauniya da duk muke kira Kaka. Farafara, Dagarti, Kusasi, kowa da yarensa a gida, Hausa ce take haɗa mu a gaban Allah. Takalmi kuwa, in ka tara na duk cocin ba zai rufe gindin kwando ba. A ƙasa muke zama, a ƙasa muke durƙusawa, a ƙasa jariranmu suke rarrafe. To ka ga ƙasar nan ba abin wasa ba ce a wurinmu.

Sai kuma 'yan biki. Haka muke kiransu a tsakaninmu. Akawuna ne, da malaman makaranta, da masu manyan kantuna, yawancinsu mutanen kudu da gwamnati ta turo aiki, sai wasu namu na arewa da suka fara samun abin hannu. Duk shekara in ka gan su a coci, to ko Kirsimeti ce ko Ista. Ba wai nisa ne ya hana su ba. Akwai wanda daga tagarsa yana jin waƙarmu, har matarsa ta taɓa aiko mana cewa mu rage ganga maigida yana hutawa. Amma ranar biki, kai! Tun da sassafe za ka ji ƙamshin hoda da turare ya riga su isowa. Su zo da laima, su zo da kente, saƙin adonsu na kudu, su haye bencuna, su kora mu bango, wasunmu ma waje. Su ne masu gyara wa Fasto magana. Su ne masu cewa waƙar nan ba haka ake yinta a Kumasi ba. Wata ta taɓa taɓa ni a kafaɗa, ni da nake share ɗakin nan duk Asabar, ta ce in matsa, nan wurin zamanta ne.

Duk wannan da na haƙura. Gidan Allah ne, ba na ubana ba. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne takalmansu. A shekarun nan ne aka fara yayin takalmin mata mai tsinin dunduniya, siriri kamar ƙusa. Mazan kuma suna sa a buga musu ƙarfe a ƙasan nasu don a ji tafiyarsu a ofis. Daɓe yana ɗaukar ƙafar mutum, yana ɗaukar turmi ma in ya bushe sosai, amma ba ya ɗaukar tsini. Rami ɗaya ya isa. Tsintsiya ta bi ta kai ta faɗaɗa shi, yara su sa yatsa, gara ta samu ƙofa. Kafin wata ya zagayo tsakuwa ta tashi ko'ina. Su sun koma gidajensu sai wani bikin, mu kuma mu yi ta durƙusawa a kan tsakuwa.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, Gwalkwas ta zama Gana, an yi sujadar godiya. Wannan ma biki ne, don haka sun zo. Ranar har rawa aka yi a cikin coci, ni ma na taka, ba zan ɓoye ba, murna ce ta kowa. Amma da aka watse na tsaya na dubi ƙasa, sai ka ce an kwana da garken awaki a ciki. Lahadin da ta biyo baya Kaka ta shigo tana lalube da sandarta kamar yadda ta saba, ita da ta san ɗakin nan fiye da masu ido, ƙafarta ta faɗa wani rami ta kifa. Gwiwarta ta fashe. Muka ɗaga ta tana cewa, "Wa ya haƙa rijiya a coci bai gaya mini ba?"

A ranar na tara mata na ce sabon daɓe za mu yi, daga ƙofa har gaban Fasto. Kuma dole yanzu, don in ruwan sama ya sauka kowa gona zai nufa, ƙasa ma ba za ta bushe ba. Matsalar ɗaya ce: Ista ta kusa. Daɓen zai bushe ya ɗauki ƙafa, amma bai yi ƙwarin da zai jure wa ƙarfe ba. In suka shigo masa da takalman nan, rana ɗaya za su kashe shi.

Na je na samu Fasto. Yaro ne a lokacin, ɗan kudu, mai kirki, ya koyi Hausa da kyau, sai dai ba ya son ɓacin ran kowa, ko na kaza. In yana son abu a wurina Magajiya yake ce mini.

Ya ce, "Magajiya, kada ki damu. Zan yi sanarwa. Duk mai zuwa ranar Ista ya bar takalmi mai tsini a gida, ya zo da tabarma ko tsohon zane na durƙuso."

Ya kuwa cika alkawari. Lahadi bayan Lahadi yana tsayawa yana faɗa da Hausa, ya maimaita da Turanci, har da ɗaga yatsa. Wa yake gaya wa? Mu. Mu da muke zaune a gabansa ƙafa a tsage, babu mai ko silifa. Kaka ta ce, "To Fasto, na ji, zan bar nawa a gida."

Wanda bai zauna a Tamale a watannin zafi ba bai san abin da ake nufi da ruwa ba. Rijiyoyi sun ƙafe, famfon gari sai tari yake yi. Daɓe kuwa ruwa yake sha kamar raƙumi. Tun duhun asuba muke ɗaukar garwa da tulu mu nufi dam, mu bi layi da matan Dagomba, mu dawo rana ta take. Ruwan da ya kamata in yi wa 'ya'yana wanka da shi, ƙasa na zuba wa. Tsakuwa ja muka haƙo ta wajen Gurugu, lokacin daji ne da 'yan gidaje, muka ɗauko a ka. Muka fasa tsohon daɓen, muka baza sabuwar tsakuwa, muka jiƙa, muka bar ta ta kwana. Sannan aka jeru a durƙushe, kowace da madaɓinta, itace mai faɗin baki, ana bugawa tare ana ja da baya. Kaka tana zaune a bakin ƙofa da gwiwa a ɗaure tana ba da waƙa, hannu ya bi waƙar. In wata ta yi saurin bugu ta ɓata layi, ba sai na yi magana ba, Kaka ce za ta ji, ta zage ta da yarenta. A buga, a yayyafa ruwa, a sake bugawa, har tafin hannu ya yi ƙulli ya fashe, har ƙasa ta daina amsawa da taushi ta fara amsawa kamar ganga.

Saura makuba. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa a tafasa, ruwan ya fito ja mai duhu, a shafe daɓe da shi. Shi ke haɗe fuskar ƙasa, ya sa ta sheƙi, ya hana gara. A ƙasar Dagomba ba ka hawa itacen ɗorawa haka kawai, yana da masu shi. Sai na je wurin maƙwabciyata, Badagomba ce, musulma, sana'arta daddawa, ɓawo tuli a bayan ɗakinta daga 'yan'uwanta na Vittin. Ta ba ni, har ta aro mini babbar tukunya. Ina hura wuta ina ba ta labarin 'yan biki, ta yi ta dariya.

Ta ce, "Matar Kofur, kina zaton ku kaɗai ke da su? Mu ma muna da namu. Shekara guda liman bai ga ƙeyarsu ba, ranar Idi su ne a sahun gaba da babbar riga. Amma namu dai a bakin ƙofa suke barin takalmi."

Na ci gaba da hura wuta. Amma maganar ta zauna mini.

Daɓen nan ya fito. Ni da na yi daɓe a ƙauyenmu, na yi a bariki, na yi a gidajen mutane, ban taɓa yin kamarsa ba. Ja ne mai duhu kamar goron da aka tauna, sumul, in ka taka da rana sai sanyi ya hau maka har gwiwa. Ranar Babbar Juma'a mu 'yan Lahadi muka fara shiga, kowa da tabarmarsa, don mun san sabuwar makuba in ta ji danshi tana sakin launi. Kaka ta daɗe tana shafa ƙasa da hannu. Can ta ce, "A nan za ku yi mini sujada in na mutu, kada ku sa ni a benci."

Ranar Ista kafin kowa ya iso na ɗauko babban kwandon da nake kai hatsi niƙa, na ajiye a bakin ƙofa, na jawo kujerar tsugune na zauna a tsakiyar hanya, madaɓina a cinya. Fasto ya iso a kan kekensa, ya dube ni, ya dubi kwandon.

"Magajiya, wannan fa?"

"Na takalma ne."

"Ai na yi sanarwa."

"Na ji. Ina wurin."

Sai ya sunkuya ya kwance nasa, ya shige da safa, bai ƙara waiwayowa ba.

To wa zai fara zuwa? Mijina. Don kada a ce na ɓoye, Kofur ma ɗan biki ne. Duk Lahadi cewa yake ya kwana gadi, barci yake ji, amma barcin ba ya hana shi zama gindin bishiya wajen masu pito. Ranar biki kuwa sai ya goge lambobinsa na yaƙi, ya sa gajeren wandon kaki, ya ɗauko takalmin sojan nan nasa mai ƙusoshi a ƙasa kamar haƙoran kada. Tun daga nesa nake jin sa.

Na ce, "Maigida, cire."

Ya ce, "Ke, kin san da wa kike magana?"

"Da wanda ya sha kokona da safen nan. Cire."

"Shekara nawa Bature ya sa muna fareti ƙafa ba takalmi? Sai da aka ga za mu mutu a dajin wasu sannan aka ba mu. Yanzu kuma matata ce za ta ƙwace?"

"Ba ƙwacewa zan yi ba, ajiya ce. In kuwa ka taka mini ƙasar nan da shi, yau tuwonka a wajen masu pito yake."

Ya tsaya yana huci. Mutane sun fara taruwa a bayansa. Sai ya zauna a dakali ya kwance igiya yana gunaguni da yarenmu, abin da ya faɗa ba na coci ba ne. Amma da ya jefa su a kwando, aikina ya yi sauƙi. Duk wanda ya zo ya ga takalmin Kofur a ciki, ya ga Kofur tsaye da lambobi a ƙirji da yatsu a waje yana harara, sai ya sunkuya. Shi da kansa ya koma yana cewa, "Oya, cire, cire, ni ma na cire, kai wane ne?" Wasu suna dariya, wasu suna tsaki. Wani malamin makaranta ya ƙi sam, ashe safarsa ce ta huje a babban yatsa. Na ce ya cire har safar, Allah ya san yatsan.

Duk wanda ya wuce ina tambayarsa, "Ina tabarmarka?" Sai ya dube ni kamar na tambaye shi ina jakinsa. Dukansu fari suka sa, don mutanen kudu baƙi suke sawa ranar Juma'ar, ranar Ista fari tas. Na faɗa, na sake faɗa. Ba wanda ya saurare ni.

Kwando ya cika ya tumbatsa sannan Madam ta iso. Matar babban akawu ce, a cikin 'yan biki ita ce uwa. Doguwa, kyakkyawa, ba zan rage mata ba. Farin leshi har ƙasa, farar safa, farar laima, takalmin kuwa tsininsa ya kai tsawon yatsana. Mijinta na biye da ita da farin kwat. Ta zo za ta raɓa ni ta wuce, na miƙa madaɓi na tare ƙofa.

Ta kira ni Maame, wato uwa da yarensu, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Maame, menene? Kai ne dogari na Allah?"

Na ce, "Sannu da zuwa, Madam. Barka da Ista. Sabon daɓe ne, takalmi a kwando."

"Nan masallaci ne?"

"Coci ne. Da kin zo makon jiya da kin ji bayani."

Wani a baya ya yi dariya ya mayar da ita tari. Madam ta naɗe laimarta a hankali.

Ta ce, "Maame, ji. Ubana ya cire takalmi gaban Bature, ya cire hula, ya sauke zane daga kafaɗa. Ni na gani da ido. Yanzu Bature ya tafi, ƙasa namu ne. Kai kuma ka zauna a ƙofa ka ce in cire? Ba na cire wa kowa."

Gaskiya maganar ta shige ni, don ni ma na ga irin wannan a garinmu. Amma sai na ajiye madaɓi na buɗe mata hannuwana biyu, duk sun fashe, makuba ta shiga tsagar ta yi baƙi.

Na ce, "Madam, Bature bai ɗebo ruwan nan daga dam ba. Mu muka ɗebo. Ke yau za ki taka ki tafi sai Kirsimeti. Mu jibi ma muna nan."

Ta ce, "A kira Fasto."

Aka leƙa. Fasto yana can gaba ya durƙusa ya rufe ido yana addu'a, addu'ar da ban taɓa ganin ya yi mai tsawonta ba. Rana ta fara zafi, na baya suna matsowa, mijinta yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Turanci tana ture hannunsa. Ban san inda za mu ƙare ba, don ni dai ba zan tashi ba. Sai muryar Kaka ta fito daga ciki, daga inda take zaune jikin bango.

"Wace ce wannan a ƙofa? Ban san muryar nan ba. Baƙuwa ce? Haba matar Kofur, ki bi ta a hankali mana, ba ta san wurin ba. 'Yata, daga wane gari?"

Har yau ban sani ba ko da gaske take ko da gangan. Madam shekarunta nawa a Tamale, sunanta ma yana cikin manyan coci. Amma dariyar da aka yi, har 'yan'uwanta na kudu. Fuskarta ta canza. Ta dafa kafaɗar mijinta ta zare ɗaya, ta zare ɗayan. Ba ta sa a kwandona ba, ta riƙe su a hannu kamar 'yan tsaki ta wuce, ko kallona ba ta yi ba. Na ce a raina, riƙe su har gida in kin so, ƙasata dai ta tsira.

Na shiga ƙarshe na tsaya a baya. Ɗakin ya cika har ba wurin sa ƙafa, ga zafin watan nan, iska ko ta kaɗa ganye babu. Gumi yana bin kowa har ƙasa. Aka yi waƙa, aka yi wa'azi. Sai aka zo babbar addu'a, aka ce kowa ya durƙusa, aka ba wani dattijo cikin 'yan biki ya ja. Mutumin nan sau biyu a shekara yake magana da Allah, don haka labari ya taru masa. Ya yi wa sabuwar gwamnati addu'a, ya yi wa Sarauniyar da aka rabu da ita, ya bi garuruwan kudu ɗaya bayan ɗaya, da Turanci, da yarensu. Mu muna kan tabarminmu. Su gwiwa a kan sabuwar makuba, cikin farin kaya jiƙe da gumi.

Da aka ce amin aka miƙe, ni ina baya ban gani ba tukuna. Sai na ji wata ta ce wani abu da ƙarfi da yarensu. Sai aka fara juyowa. Kowane farin wando da tambari biyu ja a gwiwa. Kowane farin zane haka. Waɗanda suka gaji suka zauna dirshan, nasu a baya yake, faffaɗa. Farar safar Madam ta koma kalar kunun kanwa, leshin nan kuwa kamar ta durƙusa a mahauta. Makuba in ta kama zane ba sabulun da ke fitar da ita, kowace yarinya a garinmu ta san wannan. Kofur ya dubi gwiwoyinsa tsirara ya tofa yawu ya goge, ya yi ta dariya har lambobinsa suna kaɗawa. Aka yi waƙar rufewa, mu kaɗai muka yi ta.

A wajen kwando kuma aka yi wata rigimar, don an cakuɗa takalma, amma wannan ba ruwana. Da kowa ya watse na shiga na bi ɗakin lungu-lungu a durƙushe ina shafawa. Ko rami ɗaya babu. Ko ƙwarzane. Na koma gida na dafa wa Kofur zabuwa.

Ban san an yi taro ba sai da aka gama. A gidan babban akawu aka yi shi, da Turanci, ba a kira ko mace ɗaya cikin waɗanda suka riƙe madaɓi ba. Mutanen da ba su da lokacin zuwa sujada sun samu lokacin zama a kanmu. Fasto ne ya zo ya same ni ina tankaɗe, ya jingine keke, ya daɗe yana gaisuwa, har awakina ya tambaya.

"Magajiya, albishir na kawo. Manya sun ga wahalar da kuka sha. Sun ce ba za ku ƙara ɗaukar tsakuwa a ka ba. Za su zuba mana siminti."

Na ajiye rariya. "A kan me?"

"A ƙasan coci."

"Ƙasan coci yana da abin da ke kansa."

"Sun ce ƙasa ta ci gaba, bai kamata gidan Allah ya zauna kamar ɗakin ƙauye ba. Kyauta ce, Magajiya. Ba a mayar da kyauta."

"Fasto, ka taɓa jin wani cikinmu ya yi kuka da daɓen nan? Tambayi Kaka. Tambayi masu jarirai. Wandonsu ne ya ɓaci, ba ƙasa ba. Su sayi tabarma."

Ya yi ta murza hularsa. Can ya ce, "Sun kuma yi maganar kwanon rufi, nan gaba." Daga nan na san an gama.

Daɓen da na yi don ya kai jikokina, ko damina ɗaya bai gani ba. Ranar da birkila ya zo da leburorinsa, matan suka ce kada in je. Na je. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo suna sa diga, yana ɓallewa fale-fale kamar fasasshen kasko, suna kwasa da shebur suna zubarwa bayan coci inda ake zubar da shara. Ɗaya daga cikinsu ya ce in matsa kada ƙura ta same ni. Ban matsa ba.

Simintin da suka zuba, da zafi ya ɗau zafi, da damina ya yi gumi ya yi santsi, jariri in ya faɗi sai ka ji ƙarar kansa daga waje. Tsofaffi suka daina durƙusawa, gwiwa ba ta ɗauka. Kaka ta ce sandarta ba ta gane ɗakin ba, ko'ina amsa ɗaya yake ba ta, dole sai an riƙe mata hannu. Su kuwa masu kyautar, Lahadin da aka buɗe shi ba su zo ba. Ba biki ba ne.

Kuma abin da ba wanda ya gaya mana, daɓe shara kawai yake so, siminti wanki yake so. Da Kirsimeti ta matso, ruwa ya fara wuya, sai ga Fasto da kekensa.

"Magajiya, baƙi za su zo. Ko mata za su taimaka a wanke ƙasan nan ya yi haske?"

Na ce masa ba baƙi ba ne, masu siminti ne, su zo su wanke abinsu. Na ce Madam tana da 'yan aiki, tana da tanki a bayan gida. Na ce ni da ɗaukar ruwa saboda mutanen nan har abada, ya je ya gaya musu da Turanci yadda za su gane. A gaban maƙwabta na faɗa, da ƙarfi, har mai daddawa ta leƙo ta katanga. Ya ce to, ya hau kekensa.

Ranar Asabar na leƙa cocin, don kawai in gani. Kashin kaji ne ko'ina, da sawun yara, da jar ƙasa kwance a kan simintin nan. Ba wanda ya zo, ba wanda zai zo. Gidan Allah ne, gobe kuma a nan za a yi masa waƙa. Na tsaya na zagi wanda zan zaga a cikin raina, sannan na koma gida na naɗa gammo, na bi ƙofa-ƙofa ina kiran matan, muka ɗauki garwa muka nufi dam.